Hawa na Shida

Tun ina ƙasa, a sashen karaya,
nake jin ana rage murya in an zo kansu.
'Yan hawa na shida, in ji masu tura gado,
hancinsu ya fi hasumiyar bakin teku tsawo.
Ba sa gaisuwa a lif.
Ka kai musu majiyyaci, su jefo tambaya goma sha biyu,
ka amsa sha ɗaya,
ta ƙarshen ta raka ka har ƙofa.
Kaji ne, aka ce, masu shanye ƙwansu.

Sai takarda ta fito da sunana,
watan Yuli, tsakiyar sanyi,
ruwa na dukan rufin gidajen Valparaíso
da suka goya juna a jikin tudu.

Ondina ce ta karɓe ni.
Shekara ashirin da uku a ɗaki ɗaya,
almakashi a aljihu, biro uku, baki a tsuke.
Ba ta tambayi sunana ba.
Gado na huɗu ta nuna:
"Wannan robar, ina ta fito, ina ta nufa?"
Robobi tara ne, a sarƙe
kamar komar masunci bayan hadari.
Na bi ɗaya da yatsa, na ɓace.
Ta ce, "Sake."
Na sake.
Ta ce, "Sake."

A ɗakin ajiyar zannuwa na yi kukana.
Da na fito ta miƙo mini filasta da biro:
kowace roba da sunanta, da hannuna.

Mai gadon, Don Belisario,
shekara arba'in yana sauke buhu a tashar jiragen ruwa.
Ran Talata aka tsaga ƙirjinsa
aka ɗinke da waya.
Labarin zuciya, a gida, fuska ake tambaya.
A nan kwalba ake tambaya,
da awon fitsari, da sanyin yatsun ƙafa.

Uku da kwata na dare.
Inji bai yi ƙara ba, allo bai canza launi ba.
Jinin da ke ɗiga a kwalba ya tsaya,
na ce a raina, sauƙi ya samu.
Ondina ta ajiye shayi bai kai baki ba.
Ta taɓa wuyansa, ta taɓa ƙafarsa,
ta ɗaga waya ta tashi likita.
Ina jin gunaguninsa daga inda nake.
Ta ce, "Ba shawara nake nema ba. Taho."

Jinin bai tsaya ba, ciki ya koma,
ya taru ya shaƙe zuciya a gidanta.
A kan gadon suka warware wayar.
"Ta uku!" ta ce da ni, ko juyowa babu,
hannuna ya tafi kai tsaye
kamar mai laluben ƙofar ɗakinsa a duhu.

Da asuba jirage suka fara kuka a cikin hazo.
Ta raba burodi biyu, ta shafa fiya,
ta turo mini rabi da gefen wuƙa.
"Ci, Fresia."
Ashe ta sani.
Na ga hannunta na rawa a jikin kofi,
ta saukar da shi ƙarƙashin tebur.
"A gadon nan," ta ce, "shekarata ta biyu.
Ni ma na ce sauƙi ya samu."
Ba ta ƙara ba, ni ma ban tambaya ba.

Don Belisario ya sauka da ƙafarsa,
ya bar mana ledar lemo da ba wanda ya sami sukunin ɓarewa.

Makon jiya wani yaro daga ƙasa ya turo mana gado.
Na tambaye shi goma sha biyu.
Da yamma muka haɗu a lif,
ya matsa gefe, ya dubi takalminsa.
Na so in gaishe shi, wallahi na so,
amma a kaina ina ƙirga ɗigo
na gado na huɗu.